Idan Maganin Ma Ba Shi Da Lafiya

Akwai lokacin da na yi wajen wata huɗu ban san barcin kirki ba. Ƙarfe biyun dare sai ka same ni ido biyu, waya a hannu, ina bin labarin gobarar daji a wata nahiya, daga nan in faɗa kan ambaliya a wata, in ƙare da jadawalin zafin teku wanda ko karanta shi ban iya sosai ba. Gidana bai ƙone ba, ruwa bai ci mini komai ba. Amma gabana faɗuwa yake yi kamar wanda za a yanke wa hukunci da safe. Idan na ga yaro ɗan shekara biyar sai in kama lissafi a zuci: shekarunsa nawa a 2070, wace irin duniya kuma zai tarar.

Mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa na farko da na je wurinsa mutum ne mai kirki, ba ni da abin da zan zarge shi da shi sai abu guda. Ya miƙo mini takarda mai layi uku: in rubuta tunanin da ke damuna, in rubuta hujjar da ke goyon bayansa, in rubuta wadda ke ƙaryata shi. Sannan ya ce, "Malam, mece ce shaidarka cewa abin da kake tsoro zai faru?" Na buɗe waya na nuna masa rahoton kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi. Ya duba, ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce to in rage kallon labarai. Na fito daga ofishin nan kaɗaicina ya ninka wanda na shiga da shi.

Dabarar tasa ba ta banza ba ce. Tana aiki sosai ga wanda yake ganin kowa ya tsane shi, ko wanda ke jin jirgin da zai hau lalle sai ya faɗo. A nan tunanin ne ya karkace, aikin likita shi ne ya miƙe shi. Mai fargabar sauyin yanayi kuwa, sau da yawa lissafinsa daidai yake. Hukumar kula da yanayi ta duniya ta tabbatar cewa 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye bayanai, inda zafin ya haura na kafin zamanin masana'antu da kimanin digiri 1.55, alhali yarjejeniyar Paris ta 2015 fatanta a tsaya a 1.5. Ambaliyar Pakistan ta 2022 ta shafi mutum miliyan 33. Wanda ya karanta wannan ya ji cikinsa ya ɗuri ruwa, hankalinsa ƙalau yake. Shi ya sa har yau wannan fargaba ba ta cikin jerin cututtukan ƙwaƙwalwa da likitoci ke aiki da shi, kuma a ganina gara da ba a saka ta ba.

Wasu kan ce ai wannan ciwon masu ƙoshi ne, na waɗanda ba su da abin da ya dame su. A 2021 Caroline Hickman ta Jami'ar Bath da abokan aikinta sun tambayi matasa 10,000 masu shekara 16 zuwa 25 a ƙasashe goma. Kashi 59 cikin ɗari suka ce abin yana damunsu ƙwarai, kashi 75 suka ce gaba tana ba su tsoro, sama da kashi 45 suka ce damuwar tana taɓa rayuwarsu ta yau da kullum, kashi 39 kuma suka ce suna ɗari-ɗari da haihuwa. Inda damuwar ta fi tsanani shi ne Filifin, sai Indiya da Brazil, suka bar Amurka da Finland a baya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mace ce ta biyu da na je wurinta. A zamanmu na uku ta ce, "Malam, mako mai zuwa ba a ofis za mu haɗu ba. Ka zo da takalmin da ba ka jin tausayinsa." Na yi zaton wani lambu mai tsari za ta kai ni. Ashe wani fili ne a bayan gine-gine, da rafi wanda ruwansa ya ja baya, da ledoji maƙale a ciyawa, da bishiyoyi da ba su wuce goma ba. Muka yi tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba mai kallon wani. Abin da na fara lura da shi ke nan: maganar da ta ƙi fita a ofis, inda take zaune tana fuskantata, a nan sai ga ta tana zubowa da kanta. Da muka kusa rabuwa ta ce in zaɓi bishiya ɗaya, in riƙa zuwa wurinta sau biyu a mako, in bar waya a aljihu, in rubuta abin da na gani kawai. Abin da na ji a raina, ta ce, in ajiye mata shi sai mun haɗu.

Wannan hanya tana da gindinta a bincike, kuma ya kamata a faɗe shi yadda yake. A 1984 Roger Ulrich ya duba takardun majinyata 46 da aka cire wa maɗaciya a wani asibiti a jihar Pennsylvania ta Amurka. Rabinsu tagarsu na kallon bishiyoyi, rabi na kallon bangon bulo. Masu kallon bishiya sun riga sauran barin asibiti da kusan kwana guda, kuma sun fi su ƙarancin neman maganin zafi mai ƙarfi. Tun 1982 hukumar gandun daji ta Japan ta ƙirƙiro abin da suke kira shinrin-yoku, wato wankan daji, mutum ya shiga cikin itatuwa a natse ba don motsa jiki ba. Rachel da Stephen Kaplan na Jami'ar Michigan sun yi bayanin dalili: hankalin da muke tilasta wa aiki, a kan allo ko a kan titi, gajiya yake yi, motsin ganye da gudun ruwa kuwa suna jan hankali a hankali ba tare da sun tatse shi ba, sai ya samu ya huta. A 2015 masu bincike a Jami'ar Stanford suka raba mutum 38 gida biyu, wasu suka yi tafiyar minti 90 a fili mai ciyawa da itatuwa, wasu a gefen babban titi. Na farkon sun dawo saƙe-saƙen zuci ya ragu, hoton ƙwaƙwalwarsu ma ya nuna sashen da ke da hannu a tufka da warwara ya lafa. A 2019 kuma wani nazari kan kusan mutum 20,000 a Ingila ya gano cewa waɗanda ke samun minti 120 a mako a irin waɗannan wurare sun fi cewa suna jin lafiya, ko a zama ɗaya suka yi su ko a rarrabe.

Gwamnatoci sun ji, sun kuma ɗauka. Tun 2018 likitoci a tsibiran Shetland na Scotland ke rubuta wa majinyata fita kallon tsuntsaye da yawo a bakin teku. Ingila ta zuba sama da fam miliyan 5 ta gwada irin wannan a yankuna bakwai. A Kanada, daga 2022, likita na iya ba majinyaci takardar shiga gandayen ƙasa kyauta.

Duk na yarda da wannan, jikina ma shaida ne, domin a mako na uku barci ya fara dawowa. Sai dai akwai abubuwa biyu da masu tallan hanyar ba su cika faɗa ba. Na farko ƙarami ne: mutum 46 da mutum 38 ba taro ba ne, nazarin Ingila kuma bai iya rarrabe ko fitar ce ke kawo lafiya ko mai lafiya ne ke iya fita. Na biyun shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Babu ɗaya cikin waɗannan binciken da aka yi shi kan masu fargabar sauyin yanayi. Wanda aka yi wa tiyata, bishiyar da ke tagarsa ba ta da alaƙa da ciwonsa. Tana ɗauke masa hankali ne daga ciwon. Ni kuwa bishiyar ita ce ciwon nawa. Ka ɗauki mutumin da ke kuka saboda mahaifiyarsa na kwance rai a hannun Allah, ka ce masa ya je ya zauna kusa da ita zai ji sanyi. Gaskiya ka faɗa, amma ka san abin da zai gani idan ya je.

Haka kuwa aka yi. Bishiyar da na zaɓa babba ce, mutum biyu ba za su zagaye ta da hannu ba. Makonnin farko littafina ya cika da ƙananan abubuwa: layin tururuwa da ke hawa ta gefen gabas kullum, ƙadangare mai guntun bindi da ya mai da wani kogo gidansa, sheƙa guda biyu, ɗaya da mai ita ɗaya kango. Sai wata rana na ɗaga kai sosai na ga abin da na yi ta kauce wa gani. Dukan rassan gefen yamma sun bushe, ɓawon ya ɗaɗɗago, idan ka taɓa sai ya zubo kamar gari. Ranar da muka haɗu da ita a gindin bishiyar na kasa riƙe kaina. Na ce, "Malama, wurin da kika turo ni neman sauƙi, shi ma mutuwa yake yi." Ina jira ta ce in yi haƙuri, ko ta ce in ja numfashi sau huɗu. Sai ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ƙwarai, Malam. Wannan gefen ya tafi." Ta bar ni na yi kukana har na gaji, ba ta katse ni ba. Can ta ce, "Gobe in ka zo, ka rubuta mini abin da ɗaya gefen yake yi."

Na daɗe ina juya abin da ya faru a wannan rana. Abin da na fahimta shi ne, watanni huɗu na yi ina tsoron wani abu da ba shi da fuska. Duniya gaba ɗaya, shekarar 2070, digiri kaza. Irin wannan tsoro ba ya ƙarewa, domin ba shi da inda za ka kama shi. A gindin bishiyar nan sai tsoron ya koma baƙin ciki, baƙin ciki kuwa ɗan Adam ya san yadda ake yi da shi tun fil azal: a yi kuka, a samu wanda zai zauna da kai, a tashi. Fargaba kan hana barci. Makoki kan gajiyar da mutum har ya yi barci.

Masana sun riga ni ganin wannan. Glenn Albrecht, masanin falsafa ɗan Ostareliya, ya zauna da mutanen kwarin Hunter inda ramukan haƙar kwal suka cinye ƙasar da suka tashi a cikinta, ya ga suna fama da wani abu da ba shi da suna, har ya ƙirƙira masa kalma a 2003: solastalgia, kewar gida alhali kana cikin gidan. Ashlee Cunsolo ta yi shekaru tana sauraron 'yan ƙabilar Inuit na Labrador a Kanada, waɗanda ƙanƙarar teku ce hanyarsu ta zuwa farauta da ziyara, ga shi tana makarar daskarewa tana saurin narkewa. Ita da Neville Ellis suka kira abin makokin muhalli a 2018. Waɗannan mutane ba rashin fita waje ke damunsu ba. Sun fi kowa kusanci da ƙasa, kuma kusancin ne ya sa ciwon ya fi cin su. Duk likitan da zai tura majinyaci cikin daji ya kamata ya san cewa yana ƙara masa son abin da zai iya rasawa. A watan Agustan 2019 mutane a Iceland, har da firaministarsu, suka hau dutse suka kafa allon tunawa da Okjökull, wani tsaunin ƙanƙara da ya narke har ya rasa sunansa. Wasu sun yi musu dariya. Ni ban yi ba.

Saboda haka ra'ayina shi ne, fita da majinyaci waje hanya ce mai kyau, amma tana da fuska biyu, kuma ɗaya daga ciki ina ƙyamarta. Ita ce wadda ake ɗaukar bishiya kamar ƙwayar barci: sha minti 120 a mako, ka dawo ka ci gaba da harkarka. A wannan fuska daji ya zama wani kantin magani, mu je mu ɗebo natsuwa kamar yadda muka ɗebo katako da kwal, mu juya baya. Halin da ya kawo mu inda muke ke nan, an dai sake masa riga. Kuma akwai wanda ke cin ribar wannan natsuwa. Kada a manta kamfanin mai na BP ne ya yayata maganar nan ta kowa ya auna hayaƙin da shi kansa yake fitarwa, a wani gagarumin talla a tsakiyar shekarun 2000, har mutane suka koma tuhumar kansu kan fitilar da suka bari a kunne. Idan aikin likitan ƙwaƙwalwa ya tsaya ga kwantar da hankalin duk wanda ya farga, to ya zama mai yi wa gobara fifita ba da saninsa ba. Wani ɓangare na wannan fargaba fushi ne, kuma fushin yana da dalili. A binciken Hickman, damuwar matasan tana tafiya ne tare da jin cewa shugabanni sun yi watsi da su. Yawo a bakin rafi ba ya goge wannan, bai kuma kamata ya goge ba.

Ɗaya fuskar ita ce wadda na samu. Bayan wata biyu malamar da ke ba ni shawara ta haɗa ni da wasu mutane da ke dashen itatuwa a filin nan ranar Asabar. Ba su kai goma sha biyar ba: wani tsoho da ya yi ritaya, ɗalibai uku, wata mata da ke zuwa da 'yarta. Ba wanda ya taɓa ce mini yana fama da fargabar yanayi, sai da muka saba na gane kusan rabinmu abin da ya kawo mu ke nan. Mun dasa talatin a shekarar farko, sha ɗaya suka rayu. Na san sarai itace sha ɗaya ba za su rage zafin duniya da ko ƙwayar zarra ba, kuma duk wanda ya ce maka za su rage yana yi maka daɗin baki ne. Amfaninsu a wurina daban ne. Mai fargaba jikinsa a shirye yake ya yi wani abu, zuciya na bugawa, tsoka a ɗaure, amma ba abin yi sai shafa waya. Ka ba shi bokiti biyu ya yi sawu goma zuwa rafi, jikin ya samu abin da yake nema. Wani bincike da aka yi kan ɗaliban jami'a a Amurka a 2022 ya nuna cewa fargabar yanayi ba ta cika rikiɗewa ta zama ciwon damuwa ba ga waɗanda ke aiki cikin ƙungiya, alhali ƙoƙarin mutum shi kaɗai bai ba da wannan kariya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ashe har a cikin ƙirji haka abin yake. Tsohon nan ne ya tuna mini hadisin da ke cewa idan Alƙiyama ta zo alhali ɗayanku na riƙe da dashen dabino, in zai iya dasa shi kafin ta tsaya, to ya dasa. Na san hadisin tun ina yaro, amma ban taɓa lura cewa ba a yi wa mai dashen alkawarin zai ga 'ya'yan ba.

Akwai inda dole a taka a hankali. Wanda ambaliya ta ci gidansa yana kallo, ba a kai shi bakin kogi a zama na farko. Wanda ya tsere wa gobarar daji, ƙamshin busasshiyar ciyawa kaɗai na iya mai da shi ranar. Wanda damuwarsa ta kai ya daina cin abinci ko yana tunanin halaka kansa, asibiti yake buƙata da magani, yawo ya biyo baya. A waje kuma babu ƙofar da za a rufe, don haka sai an yi shawara tun farko: idan muka haɗu da wanda ya san ka, me za mu ce masa? Malamar tawa ta tambaye ni wannan kafin mu taka ko'ina.

Sai babbar matsalar da takardar likita ba ta magancewa: ina dajin yake? A yawancin manyan biranen duniya inuwa ta bi kuɗi. Unguwar masu hali ce ke da itatuwa, ta talakawa kuwa kwalta da kwano, kuma ita ce ta fi zafi. Ka ce wa mai aikin awa goma sha biyu ya nemo minti 120 a gandun da ke da nisan tafiyar awa biyu, ka yi masa ba'a ne. Abin da aka yi a birnin Philadelphia ya fi burge ni fiye da duk wankan daji. An ɗauki ɗaruruwan kangon filaye da suka zama juji, aka share wasu, aka shuka ciyawa da 'yan itatuwa, aka kewaye da ƙaramin shingen katako, aka bar wasu yadda suke don a gwada. Sakamakon da aka fitar a 2018 ya nuna cewa masu cewa suna jin ƙuncin rai a kusa da filayen da aka gyara sun ragu da sama da kashi 41 cikin ɗari, a unguwannin da suka fi talauci kuwa da sama da kashi 68. Ba wanda aka rubuta wa takarda, ba wanda aka ce ya je ko'ina. Likitocin da suka yarda bishiya magani ce, ya kamata a riƙa jin muryarsu a wurin da ake yanke shawarar inda za a dasa ta da inda za a sare ta.

Har yanzu nakan farka ƙarfe biyu wani lokaci, musamman idan an fitar da sabon rahoto. Ban warke ba, ita ma ba ta taɓa ce mini zan warke ba. Mun daina haɗuwa tun bara. Gefen yamma na bishiyar an zo an sare shi saboda kada ya faɗo wa wani, yanzu ta karkace kamar mai ɗauke da kaya a kafaɗa ɗaya. Ƙadangaren ban sake ganinsa ba. Cikin sha ɗayan nan guda biyu sun fi ni tsawo, ɗaya kuma awaki sun cinye kanta sau biyu tana sake tohowa, ranar Asabar za mu sake mata shinge.